Kakar da Muka Haddace

Abin da na fara lura da shi ranar da na sauka Dapaong shi ne leɓuna. Zemijan, wato ɗan acaɓa, ya ɗauko ni daga tasha, jakata a kan cinya, muka bi ta gefen filin wata lise, wato makarantar sakandare. Sai ga 'yan makaranta a ƙarƙashin itatuwan darbejiya, kowa yana kai da kawowa shi kaɗai, takarda a hannu, leɓe yana motsi ba sauti. Na ɗauka addu'a suke yi. Sai da na kwana biyu Yaya, 'yar Kawuna, ta gaya mini Ingilishi suke haddacewa, kuma ni ma haka leɓena zai koma kafin damina.

A Zangon Sokodé na tashi, a hannun Kaka, uwar babana. Ita ta yaye ni, kuma da babana ya rasu, Innata ta sake aure a Kambolé, ba wanda ya yi zancen karɓe ni daga wurinta. Kawu, yayan Innata, ma'aikacin ofis ne a Dapaong. Shi ya ce a kawo ni in yi lise a gidansa, amma ya faɗa a gaban kowa cewa in na faɗi jarrabawar bak ta farko, wadda ake yi kafin shiga ajin ƙarshe, zai mayar da ni, don ba ya ciyar da mai maimaita aji. Kaka ta amsa masa cewa ba zan faɗi ba, kamar ita za ta riƙe alƙalamin.

Goro Kaka take sayarwa, kamar ubanta da uban ubanta. Ɗakinta kullum da ƙamshin jiƙaƙƙen buhu da ɗanyen ganye. Takan zazzage huhu a kan tabarma, ta bi goron ɗaya ɗaya da babban yatsanta, wanda sankara ta taɓa ta jefa gefe ba tare da ta duba ba. Haƙoranta jajaye ne. Ba ta da yawan murmushi, ba ta yin tatsuniya, ta ce wannan aikin waɗanda suka ƙoshi ne. In ranta ya ɓaci da harshen Kotokoli take zagi, don a ganinta zagin Hausa ba ya shiga jiki. Ni kuwa ba ta taɓa kirana da sunana ba, sai dai 'yar lakol, wato 'yar makaranta.

A lise, Ingilishi ne ciwon kowa. Ka duba, Hausa a gida, Kotokoli ko Moba a kasuwa, Faransanci a aji, sannan ga wani harshe na huɗu da ba ka jinsa a bakin kowa sai Mesiye, malaminmu na Ingilishi. Mesiye ba mugu ba ne. Aji ya cika har wasu suna rubutu a kan gwiwa, shi kuma ya daɗe yana ganin irin tambayoyin da suke dawowa shekara da shekara. Saboda haka yakan rubuta mana insha'i cikakke a allo, mu kwafa, mu haddace har da wurin waƙafi. Ƙauyenmu. Ranar kasuwa. Illar ƙona daji. Wasiƙa zuwa ga aboki. Kakata. Ranar jarrabawa sai ka duba wanda ya fi kusa da tambayar, ka juye shi.

Kafin ya ba mu nasa na kaka, na yi ƙarfin hali na rubuta nawa. Ni da ba na ɗaga hannu a aji, na bi shi har bakin ƙofa na miƙa masa. Na sa babban yatsanta a ciki, da jan haƙori, da motar kaya da take hawa zuwa kasuwar Pagala tana zaune a kan buhu. Takardar ta dawo da jan biro kamar an yanka kaza a kanta. Ya ce ya ga ina da ido, amma mai gyaran jarrabawa ba ido yake dubawa ba, kuskure yake nema, kuma duk jimlar da na ƙirƙira da kaina rami ce da na haƙa wa kaina. "Wannan kakar taki ki ajiye ta a gida," in ji shi. "Zan ba ku wadda take cin jarrabawa."

Wadda ya ba mu tana da farin gashi da tattausar murya. Tana zama a gindin mangwaro. Da farin wata tana tara jikoki tana yi musu tatsuniya, tana dafa abinci mai daɗi, ba ta taɓa fushi ba. Dukanmu ita ce kakarmu, 'ya'yan Moba da 'ya'yan Fulani da mu 'yan Zango. Na shiga sahun masu yawo a ƙarƙashin darbejiya. Ina wanke-wanke ina maimaita ta, ina ɗiban ruwa ina maimaita ta.

Da aka ba da ɗan hutun da ake yi lokacin tsananin zafi, na tafi Sokodé. Ruwan farko ya riga ya sauka a can, ƙasa tana ƙamshi. Na tarar da Kaka a kwance. Goggo, ƙanwar babana da take zaune da ita, ta ce ƙafafun ne suka kumbura, numfashi kuma ba ya isarta. Huhun goro yana jingine a lungu ba a kwance shi ba, abin da ban taɓa gani ba. Na zauna a bakin tabarmarta da takarduna, ina yi mata fifita da hannu ɗaya, leɓena yana aikinsa.

Wata la'asar ta buɗe ido ta tambaye ni wace sura ce wannan da ba ta ƙarewa. Na ce ba sura ba ce, labarin kakata ne da Ingilishi. Ta ce to in juya mata ta ji abin da na faɗa wa Turawa a kanta. Na fassara mata, farin gashin, gindin mangwaron, tatsuniyar. Ta yi wata dariya da ta koma tari.

"Wannan matar ta huta. Ba ta da sana'a ne?"

Na ce haka Mesiye ya rubuta.

"To riƙe ta da kyau, 'yar lakol, tunda ita za ta ƙetarar da ke."

A ranar ta fara gaya mini hanyar da ubanta yake bi da jakuna, garin da suke yada zango, rafin da ya cinye masa kaya, da yadda aka yi suka zauna a Sokodé. Ba ta taɓa yi mini wannan zance ba. Ta kai tsakiya sai ta lura idona ya koma kan takarda. Ba ta yi fushi ba. Ta ce kai ɗaya ba ya ɗaukar kaya biyu a wannan zafin, in je in sauke na Mesiye, in dawo ta ba ni nata daga farko.

Na koma Dapaong. Ana saura kwanaki kaɗan jarrabawa Kawu ya karɓe wayata, ya ce sai na gama. Wannan ba baƙon abu ba ne, haka aka yi wa Yaya a shekararta. Amma akwai ƙananan abubuwa. Kawu ya yi tafiyar aiki ba da jakar ofis ba, ya dawo da jar laka a takalminsa, alhali ruwa bai sauka a Dapaong ba tukuna. Matarsa, wadda ba ta wuce ni ba tare da ta samo mini aiki ba, ta fara cewa in bar kwanukan. Ta soya masar shinkafa ta raba wa yaran unguwa a ranar da ba Juma'a ba. Yaya ta daina kallon idona. Duk na gani. Na tattara su na ajiye a gefe kamar goron da sankara ta taɓa, na ci gaba da maimaita farin gashi da gindin mangwaro.

Ranar Ingilishi, da aka juya takardu, wani numfashi ya ratsa ɗakin gaba ɗaya. An ce mu bayyana wani tsoho a danginmu. Alƙalumma suka sauka lokaci guda, har kana jin mu muna tsayawa a waƙafi ɗaya. Hannuna ya yi ta tafiya ba tare da ya nemi shawarata ba. Ban manta kalma ko ɗaya ba.

Da na dawo daga takarda ta ƙarshe na tarar an shimfiɗa tabarma a tsakar gida, Kawu yana zaune da hula a hannu. Ya ce in zauna. Ya ce Kaka ta cika, an yi jana'iza, an yi sadaka, shi ma ya je. Ya ce haka ake yi wa kowane ɗan jarrabawa, kuma ba shi ya fara kawo shawarar ba. Ita ce ta ce wa Goggo kada a gaya wa 'yar lakol sai ta ajiye alƙalami.

Na ci jarrabawar. Ingilishi ne ma ya ɗaga ni. Kawu bai mayar da ni ba, na gama lise a gidansa. Yanzu yara ba sa kwafa daga allo, a waya ake turo musu, amma na leƙa wayar ƙanwata da Innata ta haifa a Kambolé na ga matar tana nan a gindin mangwaronta, ba ta tsufa ba.

Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne hadda ba ta fita. Duk sanda na ce bari in tuna Kaka, jimlar Mesiye ce take fara zuwa, da tattausar muryar, sai na ture ta kafin in kai ga babban yatsan nan. Wani lokaci ba na kaiwa. Na manta sunan rafin da ya cinye kayan ubanta. Na manta ko kafin Pagala yake ko bayanta.

A hutun da ya wuce na je Sokodé. Goggo ce take riƙe da sana'ar yanzu, ita ma gashinta ya fara fari. Na same ta ta zazzage huhu a kan tabarmar Kaka tana tsinta. Na zauna, na jawo goron gabana, na fara bin sa da yatsa kamar yadda na gani.

"Goggo," na ce, "don Allah ki ba ni labarin hanyar jakunan nan, duk abin da ta gaya miki. Ki fara daga farko, kuma ki bi a hankali."