Maganin Dorina

Akwai wata rakiya da na yi wa yayana zuwa Tunuga wadda ba za ta taɓa fita raina ba. Shekaru sun ja, furfura har ta fara leƙowa ta ƙarƙashin kallabina, amma har yau ina tuna ta.

Yayana ɗan kokowa ne a ƙuruciyarsa. A lokacin kuwa duk yankin Gaya babu wanda ake shakka kamar wani masunci na Tunuga, ƙato mai faɗin kafaɗa, wanda makaɗa ke kira Dorina. Wata kaka, bayan an gama yankan gero, aka haɗa su a fage. Yayana ya shammace shi, ya sure shi ya maka da ƙasa. Fili ya kaure da sowa, sai dai Dorina bai tashi ba. Ƙashin bayansa ne ya taɓu, kuma daga ranar ƙafafunsa ba su sake ɗaukarsa ba. Kafin a gane haka, makaɗa sun riga sun raɗa wa yayana suna: Maganin Dorina.

Sunan ya manne masa kamar ƙarangiya. Ya bar kokowa ya koma tuƙin kamyo, wato babbar motar kaya, amma a tasha, a bakin gada, har wurin ma'aikatan duwan masu duba kaya a kan iyaka, babu mai kiran sunansa na yanka. Shi kuwa sai ya yi yaƙe ya wuce. Yakan aika buhun shinkafa Tunuga ta hannun mutane, amma ya kasa zuwa da ƙafarsa.

Ni a lokacin ban daɗe da fara koyar da tarihi a kwalej ba, ga ɗanyen kai ga baki. Na tsani sunan nan. Wata rana na zaunar da shi na yi masa darasin sarakunan Rum na dā, waɗanda idan suka ci wata al'umma da yaƙi sai su liƙa sunanta a jikin nasu. Wanda ya ci ƙabilun Jamus a ce masa Jarmanikus, a sassaƙa a dutse, wani ma sunayen su yi masa jerin gwano.

"Su dai ba su san fuskar waɗanda suka hallaka ba," na ce masa. "Kai fa, Yaya? Kullum da ƙafafun bawan Allah ake yi maka kirari."

"Madam, ni ba ɗan ajinki ba ne," ya ce, ya tashi ya bar mini wurin.

Ashe maganar ta shige shi. Ba a jima ba ya zo ya ce zai je Tunuga ya nemi gafarar Dorina, ya kuma gaya masa da bakinsa cewa ya yar da sunan, zai hana makaɗa da kowa. Tunda ni na tono zancen, ni zan raka shi.

Mun sami Dorina da hantsi a gindin mangwaro, zaune kan tabarma yana ɗinkin taru, an rufa masa zane a ƙafafu. Kafaɗun suna nan, sauran jikin kuwa ya tsiyaye. Matarsa ta kawo mana ruwa. Yayana ya durƙusa, ya daɗe yana kame-kame kafin ya faɗi abin da ya kawo shi. Mutumin ya ajiye tarun.

"Wa ya ba ka wagga shawara?"

Ni dai na ƙura wa kwanon ruwa ido.

"Saurara ka ji," in ji shi. "Yaran garin ga da anka haihwa bayan hwaɗuwata, gurgu mai ɗunkin taru suka sani. Makaɗa sun bar buga takena tuni. Amma kwanan baya ɗana ya tahi kasuwar Gaya, ya ji ana kiran wani direba Maganin Dorina. Ya tambaya wace dorina, anka ce mai ai wani ƙato na Tunuga da ya gagari maza. Yaro ya dawo gida ya zamna nan, shina kallona kamar bai taɓa ganina ba."

Ya share ido da bayan hannu.

"Kayen da ka yi min a hwage kokowa ce, na yahe tun ran nan. Amma in ka yar da sunan ga, ka kayar da ni karo na biyu. Shi kam ba ni yahewa."

Ban taɓa ganin hawayen yayana ba sai ranar. Ni ma na yi kuka, na tausayi da na kunya a haɗe, domin duk karatuna bai taɓa kawo mini cewa wanda aka kayar ma yana da rabo a cikin sunan ba. Muka tashi muka koma Gaya.

Daga nan yayana ya riƙa amsa sunan da ƙarfi, kowa ya kira. Bayan 'yan shekaru Dorina ya rasu, kuma yayana na cikin waɗanda suka ɗauki makararsa.

Abin da na koya shi ne, kada ka yanke wa mutum inda ke masa ciwo ba ka tambaye shi ba, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yanzu yayana ya tsufa, ya ajiye tuƙi. Idan wani ya ɗaga murya a tasha ya kira Maganin Dorina, sai ya tsaya cak ya ce, "Allah ya jiƙan Dorina." Kuma ba ya ɗaga ƙafa sai an ce amin.