Koren da ya tura Gwaggo hanyar Wagini

Har yau in na ga launin kore a fuskar waya sai raina ya ɓaci, kuma na san wanda ya jawo min wannan.

Mu biyu muka gina manhajar, ni a Batsari, abokina a Safana, mutumin da muka ci kwano ɗaya tun muna makaranta. A kowane ƙauye mun samu amintacce da zai turo labarin hanya da safe, Runka, Babban Duhu, Wagini da sauransu, don 'yan acaɓa da masu a-kori-kura su duba kafin su tashi. Shi ke riƙe da sabar, wato kwamfutar da ke karɓar labarin ta rarraba. Ni kuma nawa shi ne abin da mutum ke gani a wayarsa.

Abu ɗaya na kafe a kai tun farko: siffar saƙo a rubuta ta a fayil guda, sabar ta ɗauka daga nan, waya ma daga nan. Mudu ɗaya tsakanin mai saye da mai sayarwa, shi ke nan. In ɗayanmu ya kauce wa siffar, kwamfuta za ta ja masa jan layi, ta ƙi haɗa aikin sai ya gyara. A ciki muka yarda cewa ba a cewa hanya lafiya, wato waya ta nuna kore, sai tare da lokacin da mutumin ƙauyen ya faɗa da bakinsa. In bai turo komai ba, sai waya ta nuna toka-toka, ta ce ba labari. Da idona na ga ya gyaɗa kai.

Ashe gyaɗa kan ƙadangare ne. Ya koma Safana, kwamfuta ta ja masa layi a kan ƙauyukan da suka yi shiru, shi kuwa gogan sai ya rufe mata baki. Akwai wata 'yar kalma da ake rubutawa, ma'anarta ki bar ni, na san abin da nake yi. Ya rubuta ta, ya sa duk ƙauyen da bai yi magana ba a aiko da shi lafiya. Ɓangarena bai sake bincike ba, don amfanin mudu ɗaya ke nan, ba sai an sake awo ba. Bai gaya min ba.

Wata rana Gwaggo ta shigo da lulluɓinta da ƙullin kayan barka. Ita ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyata. Jikarta ce ta haihu a Wagini. Ba ta karatu, amma ta san kore.

"Ɗan nan, duba min abin nan naku," in ji ta.

Na duba. Kore shar. Ni na tsayar mata da babur, ni na ɗaura mata ƙullin a baya.

Alhali mutuminmu na Wagini tun asuba yake cikin daji da iyalinsa, wayarsa a kashe. Kafin azahar labari ya cika gari cewa 'yan bindiga sun tare hanyar. Na kira ɗan acaɓan, ba ta shiga. Na buɗe aikin sabar, na ga 'yar kalmar nan zaune abinta. Wallahi da abokin nawa yana kusa da an raba mu.

Na kira shi. "Kai, wa ya aike ka?"

"Haba mutumina, kwantar da hankalinka," ya ce. "Ba a yi wa hanya mugun baki. Ko majinyaci ka tambaya ai da sauƙi zai ce maka. In mutane suka wayi gari suka ga ba labari, ba labari, gabansu zai faɗi, kasuwa ta watse."

Ji fa! Gaisuwa ya mayar da aikin. Na ce masa kwamfutar da ba ta da uwa ba ta da gwaggo ta gaya maka gaskiya, ka toshe mata baki don kada ran mutane ya ɓaci. Ya ce Allah zai kiyaye. Na ce Allah ya ce tashi in taimake ka, bai ce zana wa mutane kore ba. Na kashe wayar tun kafin in faɗi abin da ba ya gyaruwa.

Da la'asar sakaliya aka kawo Gwaggo a kan amalanke. Sun ƙwace babur, sun fasa wa ɗan acaɓan kai, ita kuma ta faɗa gonar dawa ta kwanta har suka wuce. Ba takalmi, ba ƙulli, ƙaya ta yayyaga mata tafin ƙafa. Tsohuwar da ko rijiya ba ma barin ta ta je.

Na goge kalmar a ranar, na sa ƙa'idar da ba mai iya rufe bakin kwamfuta sai ɗayan ya gani. Abokina ya zo dubiya da lemo, na bar shi a zaure. Har gobe ban huce ba, kuma ba na neman in huce.

Amma abin da ya fi ci min rai ba shi ba ne. Na durƙusa gabanta da ruwan ɗumi ina cire mata ƙaya, na ce, "Gwaggo, ya hanya?"

Ta dube ni, ta ga yadda nake, ta janye ƙafar ƙarƙashin zane don kada in ga jinin.

"Lafiya lau, ɗan nan," ta ce.