Ramin Baban da Ruwa Ya Shiga

Cikin shekarun da na yi ina rini a Ƙaura Namoda, safiyar da ba ta fita raina ita ce ta wata Talata, a daminar da aka katse layukan waya a jiharmu. Ni ne mataimakin Maigida Umaru, mai karofin, wato wurin ramukan rinin. Ya je Shinkafi ta'aziyya, hanya ta lalace da 'yan bindiga, ya kasa dawowa.

Aikin da ya bar mini na Malama Saratu ne, mai koyar da zane. Ta kawo ƙyallen saƙi bakwai da matan da suka gudo daga Dauran suka saƙa a Zurmi, da audugar ƙarshe da suka tsinko a gonakinsu. Za ta kai baje koli ranar Asabar. Sharaɗinta ɗaya: kada abin kanti ya taɓa su, sai baba da toka.

Ga wanda bai san sana'ar ba, ana zuba ganyen baba da toka da ruwa a rami, a bar su kwanaki su ruɓa, ana motsawa da muciya. Idan ya nuna, kumfa mai sheƙi takan taso. Idan ruwan sama ya shiga, yakan tsinke, mu ce ya mutu.

Ran Litinin da la'asar na tafi masallaci ban rufe ramin ba, aka kece da ruwa. Na ɗauka da sauƙi. Da safe na tarar babu kumfa, na ɗanɗana na ji salam. Haɗa sabon rami sai mako guda, kuma babu wayar da zan tambayi Maigida.

Akwai ƙullin galura a shagonmu, rinin kanti ke nan. Na ɗauko shi na tsaya bakin ramin na daɗe. Da na zuba, kafin azahar an gama, kuma da wuya Malama ta gane. Ina tsaye haka Malama ta iso. Na sa shi aljihu, na gaya mata abin da na yi wa ramin.

Ta ce, "Malam Sani, matan nan ba su da wata audugar. Ka san haka?"

Na ce na sani. Na roƙe ta kwana biyu.

Na ƙona katsi, wato lakar da ake kwashewa daga gindin tsohon rami, na daka, na haɗa da sabuwar toka da baba. Kaɗan-kaɗan nake zubawa, don toka in ta yi yawa takan ci zare. Laraba ta wuce babu alama. Malama ta zo sau uku, ba ta ko zama.

Alhamis da hantsi kumfa ta fara ɗaurowa a gefe. Na tsoma ƙyalle na farko. Ya fito kore, iska ta buge shi ya juya, amma shuɗin ya tsaya fari-fari. Na ce wa Malama bari in jira gobe in maimaita. Ta ɗaga shi ta duba a rana, ta ce in bar shi haka, in tsoma na biyu da yamma.

Haka muka yi har Juma'a. Ramin yana ƙara ƙarfi, kowane ƙyalle yana fin wanda ya gabace shi duhu, na bakwai ya fito kusan baƙi. Ta jera su ta ɗinke bi da bi. Ta ce abin da matan suka fi bukatar gani ke nan, yadda abu yake dawowa a hankali.

Da Maigida ya dawo na faɗa masa komai, har da galurar. Ya ɗanɗana ruwan, ya ce rami ya yafe mini, amma shi sai ya yi tunani.

Abin da nake gaya wa masu shigowa sana'ar nan shi ne, rami ba ya jin sauri, kuma mai kaya yana iya jure mummunan labari in an faɗa masa da wuri. Ni dai tun ranar ban sake barin karofi ba sai na waiwaya na ƙirga murafen ramuka.