Ranar da Safiya Ta Ƙi Fita Daga Tsohuwar Mota

Har yau ban manta da Asabar ɗin da yarinya 'yar shekara tara ta tsayar mini da ciniki a filina ba. Ku da kuka shigo sana'ar nan daga baya kun sha jin ina hana ku faɗar wata magana idan mai saye ya zo da yara. Yau zan gaya muku inda abin ya samo asali.

Sana'ata sayar da motocin hannu, filina yana unguwar Longsight a Manchester, bayan Stockport Road. Da wankin mota na fara a garin nan, na sayi ɗaya na gyara na sayar, haka har na kai inda nake. Mafi yawan cinikinmu musaya ne: mutum ya kawo tsohuwarsa, a duba ta, ya cika kuɗi ya ɗauki wata. Kowace mota tana da takardar rajista, wadda muke kira logbook. Takardar ba ta cewa wane ne mai mota, cewa take wane ne mai riƙonta yanzu, ta kuma nuna hannu nawa ta bi kafin shi. Mai saye da ya san abin da yake yi, wannan layin yake fara dubawa.

Dakta Nura tsohon abokin cinikina ne. Tun yana ɗalibin jami'a a Oxford Road na sayar masa da wata ƙaramar mota ja, kuma da ya sami aiki a wani asibiti a Birmingham ya koma unguwar Edgbaston da ita. Ranar nan ya zo da matarsa Hajiya Rabi, wadda ke aikin akanta, da 'yarsu Safiya. Ina ganin yadda Hajiya ta fito daga mota na gane dalilin neman mota mai kujera bakwai, amma ba a faɗa ba, ni ma ban faɗa ba.

Na san Safiya ba haihuwarsu ba ce. Ga waɗanda ba su san tsarin nan ba, ba kamar riƙonmu na gida ba ne, inda inna za ta ɗauki ɗan ƙanwarta ta goya a baya shi ke nan. A nan sai ma'aikatan council, wato ƙaramar hukuma, sun yi watanni suna zuwa gidanka, suna tambayarka har yadda aka raine ka, sannan kotu ta yanke hukunci. Idan ta yanke, yaro ya zama na gidan har abada. Su Dakta sun yi shekaru ba haihuwa, suka bi wannan hanya, suka samo Safiya tana shekara biyar, suka bar mata sunan mahaifinta kamar yadda addini ya ce. Duk na san wannan. Amma idan ciniki ya kama ni, bakina ya fi ƙwaƙwalwata gudu.

Na zagaya jar motar ina bubbuga ta, ina zuba da Hausa, don na ɗauka yarinyar ba ta ji sosai. Na ce, "Likita, ta yi muku hidima, amma iyali ya ƙaru, ta yi kaɗan. In sabuwa ta zo sai tsohuwa ta ba da wuri. Ita ma sabuwar in ba ta yi muku ba ku dawo da ita, ba rigima, mu canza muku wata."

Wannan magana na faɗe ta sau dubu. Muna cikin duba mai kujera bakwai sai muka ji ƙarar kulle ƙofa. Ashe Dakta ya ba Safiya makullin tsohuwar ta riƙe masa. Ta shige kujerar baya, ta kulle, ta ɗaura bel, ta harɗe hannu.

Hajiya ta ƙwanƙwasa gilashi. "Ke, buɗe ƙofar nan." Ta juyo wurin mijinta. "Dakta, ka yi wa yarinyar nan magana."

Dakta ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya koma lallashi. Ni kuma na ce a bar ni da ita, na taɓa shawo kan mutanen da suka fi ta taurin kai. Na ɗauko biskit daga ofis na tsaya ina nuna mata. Ta sauke gilashi kamar faɗin yatsa biyu, ta yi mini magana da Turancin mutanen Birmingham, wanda ko ni sai na kasa kunne.

"Uncle, motar da aka dawo da ita, ina kake kai ta?"

Na ji daɗi an tambaye ni abin da na sani. Na ce, "A wanke ta, a goge, wani ya zo ya ɗauka."

"In ba wanda ya ɗauka fa?"

"Sai gwanjo."

"Wannan hannu nawa ta bi?"

"Babanki ne na uku."

Ta ce, "Ni shi ne na huɗu." Ta karɓi biskit ɗin ta mayar da gilashi.

Sai a lokacin na ji abin da na faɗa. Dakta ya ja ni gefe ya ce tun da cikin Hajiya ya fito, Safiya ta haɗa kaya a jakar makaranta ta ajiye ƙarƙashin gado, kuma ba ta yarda a taɓa. Ya ce sun yi makonni suna ganin wata mata, therapist, ƙwararriya a kan yaran da suka bi gidaje da yawa, amma yarinyar ba ta faɗi abin da ke ranta ba tukuna. Ranar dai a jar motar suka koma Birmingham, ni kuma na tsaya da mai kujera bakwai da kwalin biskit.

Ranar Talata Dakta ya kira ni. Wai matar da suke gani, sunanta Helen, ta ji labarin mota, kuma Safiya ta ce tana da sauran tambayoyi ga Uncle, domin shi ba ya ɓoye gaskiya. Ko zan kawo mai kujera bakwai ɗin ranar Alhamis da hantsi, in zauna da su?

Na ce, "Likita, ni da na ɗauka wannan harka ta waɗanda kansu ya taɓu ce. A gida in yaro ya yi haka, hutu ake kai shi wurin kaka."

Ya ce, "Alhaji, kakar tana Kano. Kuma yarinyar da ke tsoron a kai ta wani wuri, ita za a kai wani wuri?"

Ba zan yi muku ƙarya ba, da farko don kada ciniki ya mutu na amsa.

Na isa Edgbaston na tarar da Helen a falo, dattijuwa mai furfura, ta cire takalmi a bakin ƙofa kamar kowa. Na duba ko zan ga kayan aikinta. Mu in mota ta ƙi faɗin ciwonta, na'ura muke jona mata. Ita ba ta zo da komai ba sai takarda da fensir masu launi. Aikinta ta yi tambaya ɗaya ta yi shiru. Ni ɗan kasuwa ne, na san amfanin shiru: bayan an faɗi farashi, wanda ya fara magana shi ke sassautawa. To matar nan ta fi ni iya shiru nesa ba kusa ba.

Safiya ta zauna a ƙasa, makullin jar motar a hannunta. Ta tambaye ni ko na taɓa ƙin karɓar motar da aka dawo da ita. Na ce na taɓa. Na ƙara da cewa maganar da na yi ta mota ce, mutum ba a dawo da shi, kuma kotu ta riga ta gama magana. Ta ce ta san abin da kotu ta ce.

Helen ta ce, "To me kika gani da ya sa kike ganin kotu ba ta isa ba?" Ta yi shirunta.

Yarinyar ta daɗe tana juya makulli. Sannan ta ce, "Mummy ba ta taɓa kiran sunana ba. Shekara huɗu. 'Ke' take cewa, ko 'yarinyar nan', ko 'waccan'. Tana kiran sunan yaran aunty. Har magen maƙwabta tana kiran sunanta. Uncle ma ba ya sa wa motocinsa suna, jar nan yake cewa, baƙar can, saboda ya san ba za su zauna ba."

Hajiya ta ja mayafi ta rufe fuska. Dakta ya buɗe baki ya kasa rufewa. Ni kuma, Allah ya yafe mini, dariya ce ta ƙwace mini. Helen ta juyo ta dube ni ta saman tabarau, kallon da na yi shekara arba'in ban gani ba tun na hedimasta.

Na ce, "Ki yi haƙuri, madam. Ni ma uwata ba ta taɓa kiran sunana ba, kuma na haura hamsin."

Na yi mata bayanin alkunyar ɗan fari da iya Turancina. Cewa a wurinmu uwa, musamman wadda ta tashi a hannun tsofaffi, ba ta kiran sunan ɗanta na farko, ba ta nuna sonsa a gaban mutane. Na ce uwata tana kiran ƙannena shida da sunayensu, ni kuwa da "yaron nan" na girma, yanzu na samu ƙarin girma na koma "mai motocin nan". Na ce ba kowane yaro ake yi wa haka ba, ɗaya ne tak a gida, kuma sai wanda uwa ta ɗauka nata ne na farko.

Helen ta gode mini, amma ba ta bar maganar a bakina ba. Ta ce ta lura da abin tun zaman farko, ta bari ne sai Safiya ta faɗa da kanta. Ta juya ga Hajiya ta ce, "Haka ne a wurinki?"

Hajiya ta yi magana daga cikin mayafi. "Ranar da muka ɗauko ta, a jar motar nan, na juya zan kira ta in ba ta ruwa, sunan ya ƙi fita. Kafin ranar ina faɗarsa lafiya lau a gaban ma'aikata. A nan na san ta zama tawa. Ina ni ina kiran sunan 'yar fari?" Ta dubi mijinta. "Kai ma ba ka taɓa ce mini komai ba."

Dakta ya ce, "Ban ji ba ne. Haka na ji ana yi tun ina yaro."

Safiya ta nuna cikin uwar da haɓa. "Baby fa?"

Hajiya ta ce, "Wannan ai na biyu ne. Sai ya gaji da jin sunansa."

Na ɗauka an gama, har na fara laluben takardun mota. Helen ta ce a'a. Ta ce ba ta zo ta raba Hajiya da al'adarta ba, amma Safiya ta zauna a gidajen da rashin kiran suna yake nufin wani abu dabam, kuma yaro ba ya jin son da ba a fassara masa ba. Ta tambayi Safiya me take so. Yarinyar ta ce sau ɗaya a shekara ya ishe ta, ranar haihuwarta, amma a fara da yau.

Na ga mutane suna shan wuya wajen rabuwa da mota, amma ban taɓa ganin wuya irin ta Hajiya Rabi ba. Matar da ke tsayawa gaban Turawa ta yi bayanin haraji, ta ce "Sa..." ta tsaya. Ta ce mu maza mu juya baya. Muka juya muna kallon labule, ni da babban likita. Can muka ji a hankali, "Safiya." Sai muryar yarinyar, "Ban ji ba." Hajiya ta ce, "Kin ji sarai, kada ki raina ni." Daga nan kuma ba mu juyo ba sai da aka gama sharar hanci.

Safiya ta miƙo mini makulli da sharaɗin ba gwanjo. Na cika alkawari, wani ɗalibi ɗan Katsina ya ɗauke ta, na aika mata hotonsa tsaye kusa da ita. Kada ku ɗauka zama ɗaya ya warkar da komai. Sun ci gaba da ganin Helen har bayan haihuwa, kuma jakar nan ba ta fito daga ƙarƙashin gado ba sai bayan suna da makonni. Yaron Khalil aka sa masa. Dakta ya ce daga safe zuwa yamma ba abin da ake ji a gidan sai Khalil, Safiya kuma tana gaya wa ƙawayenta ita ba a kiran sunanta saboda ita ce babba.

Abin da na koya shi ne, mutum ba ya canza mota haka kawai. Ko iyali ya ƙaru, ko ya ragu, ko wani abu ya motsa a gidan, kuma wanda abin ya fi taɓawa sau da yawa shi ne wanda ke tsaye gefe kana ganin ba ya jin Hausa. Shi ya sa maganar "in ba ta yi ba a dawo da ita" ta koma cikin takarda a filina, ba a faɗarta gaban yaro. Kuma na daina yi wa masu zuwa therapy dariya. Na ga mace ta gano ciwo da shiru, ba ta jona na'ura ba.

Ranar Alhamis ɗin, a hanyar komawa Manchester, na tsaya shan mai, na kira tsohuwa a Haɗeja. Bayan gaisuwa na ce, "Inna, don Allah ki faɗi sunana sau ɗaya."

Sai na ji ta kau da wayar tana ce wa ƙanwata, "Hauwa, zo ki ji mai motocin nan, ina jin sanyin ƙasar ya fara taɓa shi."

Na ce to, alhamdulillahi, har yanzu ni ne na fari.