Fili Madadin Fili

Umara mai walda ne a unguwar Gomari, amma in ka tsaya bakin titi kana neman Umara mai walda sai an ɗan yi tunani. Ka ce Koci kuwa, ko mai ƙosai za ta nuna maka gidan. Bai taɓa zuwa wata makarantar horar da 'yan wasa ba, kuma ƙwallon da ya buga da ƙuruciya ba ta taka kara ta karya ba. Abin da Allah ya ba shi baki ne, da usur, da fili.

Filin na ƙaramar hukuma ne, a bayan unguwa, katanga ɗaya ce ta raba shi da tsohuwar maƙabarta. Juji ne lokacin da Umara ya same shi, ledoji da ƙarangiya ko'ina. Shekara biyu yana kwasar shara shi da samarin unguwa. Ƙarafan raga biyu da hannunsa ya haɗa su, da bututun ruwan da ya samo wurin 'yan gwangwan. Layi kuma da toka yake ja, wadda matarsa Kaltum ke tara masa a tsohon gwangwanin fenti, tana mita wai a duk Yerwa, wato Maiduguri, ita ce matar da tokar murhunta ta fi miyarta daraja.

Da rikici ya shigo Maiduguri sai filin ya zama wani abu daban. An hana babur, samari da yawa suka rasa abin yi, ga dokar hana fita tun rana ba ta faɗi ba. Umara ya mayar da atisaye da zarar an sallame la'asar, wanda duk bai gani ba kuma sai ya bi shi har gida ya ji dalili. Iyaye suka riƙa cewa in ɗansu yana wurin Koci hankalinsu a kwance yake: ba mai ja masa ra'ayi zuwa daji, ba kuma mai tare shi a lungu yana tambayar daga ina.

Sai maƙabarta ta cika. Mutanen ƙauyuka sun gudo birni, unguwa ta cunkushe, mutuwa kuma ba ta ɗaga ƙafa. Akwai wata maƙabartar a wajen gari, amma ba mai ƙarfin halin ɗaukar makara zuwa can. Masu haƙa suka kai ga in sun tona sai su tarar da ƙashi, su mayar da ƙasa suna salati.

A wannan tsakani bam ya tashi kusa da wata tasha, ya rutsa da Mikail, mai tsaron ragar ƙungiyar Umara, matashin da ke tuƙa keke mai ƙafa uku yana ciyar da iyayensa. Ana cikin yi masa sutura Babakura ya iso. Shi ne kansilan mazaɓar, abokin Umara tun makarantar allo, wanda 'yan wasan Umara suka yi wa yawon neman ƙuri'a layi-layi a rana. Ya ja Umara gefe, amma ba gefen da Bulama mai unguwa da liman ba za su ji ba.

"Koci, wallahi ba wuri. Ka ba mu bayan raga, taku uku kawai. Yaronka ne fa."

Umara ya juya ya dubi gawar. Babakura ya ci gaba.

"Ni kuma na ɗaukar maka alkawari gaban Bulama, ƙaramar hukuma za ta ba ka fili madadin fili."

Wa zai ce a'a da gawa a kwance? Umara da kansa ya ɗauki diga ya fara fasa katangar. Shi taku uku yake gani. Babakura kuwa ya san abin da kowane babba ya sani, cewa in kabari ɗaya ya shiga wuri ba mai bakin hana na biyu, kuma ba a taɓa cewa mamaci ya matsa.

Haka Umara ya dinga tuge raga yana matso da ita gaba, yana sake jan layi. Daga goma sha ɗaya-goma sha ɗaya aka koma bakwai-bakwai, aka koma biyar-biyar. In ƙwallo ta faɗa cikin kaburbura, mai ɗaukowa sai ya cire takalmi ya yi sallama. In an ci, ba mai ihu, domin wa zai yi murna a kan kawunan mutane, cikinsu har da iyayen masu wasan? Duk ran da samarin suka ƙosa sai ya ce su yi haƙuri, fili na nan tafe, Babakura ba zai ci amanarsa ba.

Shekara uku yana zarya a sakateriya. Yau shugaba ya yi tafiya, gobe fayil yana kan tebur. Rannan sai ga takarda a ambulan, da hatimi da komai. Umara bai tsaya neman mai karanta masa Turancin ba, ya sa hannu inda aka nuna masa, ya ɗauki gwangwanin tokarsa ya hau keke, shi da ma'aikacin da zai nuna masa wurin. Can ƙarshen gari mutumin ya tsaya, ya nuna masa duwatsun siminti huɗu.

"Ina sauran?"

"Shi ke nan, Baba. Ƙafa hamsin da hamsin, da sunanka. Allah ya sanya albarka."

Umara ya auna da ƙafarsa. Ko gidan mai tsaron raga na yadi goma sha takwas bai cika ba. Fuloti ne na gina gida. Ya zauna kan gwangwanin.

Ya sami Babakura a ƙofar gidansa, kan tabarma, yana shan shayi.

"Wushe, sannu da zuwa, Koci. Ka ga wurin?"

"Filin ƙwallo muka yi da kai, Babakura."

"Fili na ce, fili kuma aka ba ka. Je ka tambayi Bulama ko na sauya kalma ɗaya. Ka gina wa Ya Kaltum ɗaki, ka bar wahalar nan, girma ya kama ka."

Abin takaicin shi ne bai yi ƙarya ba. Kalmar ɗaya ce, sai dai shi ya san wanne yake nufi tun ranar da ake yi wa Mikail sutura. Umara ya miƙa masa takardar, ya ƙi karɓa, ya ce ai sa hannunka ne a ciki.

Kafin ya kai gida labari ya riga shi, domin an manna sunayen waɗanda suka sami fuloti a allon sakateriya. Samarin da ya yi shekaru yana bi gida-gida suka daina zuwa, wasu in sun hango shi sai su sauya layi. Ya yi rantsuwa har ya gaji, amma rantsuwa ba ta goge suna daga allo. Wanda ya fi yi masa ciwo mahaifin Mikail ne, tsoho marar hayaniya, da ya tare shi bayan sallar azahar ya ce masa a hankali, "Koci, da ka faɗa mana na sayarwa ne, ai da mun haɗa mun biya ka."

Bayan wata biyu aka kewaye filin gaba ɗaya. Ƙarafan ragar nan aka yanka aka yi wa maƙabartar ƙofa, aikin ma wani mai walda daga unguwar Bolori aka ba. Umara yana gane ɗinkin hannunsa a kusurwar sama duk Juma'ar da ya shiga gaishe da Mikail.

Fulotin yana nan, bai ɗora ko bulo ɗaya ba, bai kuma sayar ba. Kaltum ta ci gaba da tara toka har gwangwanin ya cika ya yi tozo. Wata safiya ta ɗauka a gabansa ta fita ta juye a juji, yana kallo.