Jan Layi a Fuskar Kwamfuta

Shekarun baya, lokacin da na fara haɗa kwamfuta da hannuna a Funtua, wani abokina mai ɗaukar bidiyon biki ya ce in haɗa masa wadda zai riƙa tace aiki da ita. Ni na zaɓo kayan duka, ban da guda ɗaya cikin ram, wato 'yan allunan da kwamfuta ke riƙe aikin da take yi a kansu, wadda ya ciro daga tsohuwar kwamfutar surukinsa, ya ce lafiyarta lau.

Da na gama sai na ce ya ba ni kwana biyu in gwada ta. Na ɗora wa furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, aiki mai nauyi na awanni, ina zaune ina kallon lambobin zafi kamar mai gadin tukunya. Ta jure. Amma da na koma gwajin ram, cikin awa ta uku jan layi ya fara fitowa, alamar kuskure. Na gaya masa ram ɗin da ya kawo ce ke da matsala.

Ya yi dariya, ya ce iyayina ya yi yawa, ai ga ta tana kunnuwa. Ranar ya sa ta a Keke Napep ya tafi.

Bayan sati biyu yana tsakiyar tace bidiyon auren 'yar wani Alhaji a Malumfashi, kwamfutar ta ɗauke, aikin kwana uku ya lalace. Bai kira ni ba. Sai ya gaya wa dangin amarya cewa wani ɗan koyo ne ya cuce shi, har da faɗin sunana.

A bakin mahaifiyata na ji. Ta je suna Malumfashi, wata mata ta tare ta da maganar a gaban jama'a. Da ta dawo ba ta yi faɗa ba, ta dai ce, "In ba ka iya ba, ka bar wa mutane kayansu."

Wannan maganar ta fi komai ƙona mini rai.

Washegari na hau babur zuwa shagonsa, ina ta tsara baƙaƙen maganganu a hanya. Ina isa na manta su duka, har na ji bakina yana tambayarsa ya iyali. Na dai kunna gwajin a gaban maƙwabtansa masu shaguna, muka zauna. Kafin azahar jan layi ya cika fuskar kwamfutar. Na zare ram ɗin surukin nasa, na ajiye masa a kan tebur, na sake kunna gwajin da sauran ram ɗin da na zaɓo. Har la'asar ta wuce ko layi ɗaya bai fito ba.

Ya juya abin a hannunsa, ya ce, "To, ai ka gyara ke nan."

Ban gyara komai ba. Abin da na faɗa masa tun farko ne. Bai ba ni haƙuri ba, bai kuma koma Malumfashi ya wanke ni ba.

Tun daga nan kwamfuta ba ta fita daga hannuna sai ta gama gwaji, ko mai ita zai yi fushi. Shi kuwa muna gaisawa har yau. In na wuce shagonsa nakan ɗaga masa hannu, amma ban sake tsayar da babur ba.