Ranar da Muryar Malama Ban-Ji-Ba Ta Maƙale

Kowace Laraba idan an tashi daga makaranta, malamai na rige-rigen tafiya gida, ita kuwa malamar labarin ƙasa sai ta nufi ɗakin nan na baya, wanda rabin tagoginsa kwali ne. Ta jera tebura a zagaye, ta kafa wa kowanne guntun kwalin sabulu mai ɗauke da sunan wata ƙasa. Nan majalisar duniya take zama. 'Yan sakandare su zama wakilan ƙasashe, su yi muhawara kan yaƙi da ruwan sha da 'yan gudun hijira, su jefa ƙuri'a, su warware kafin magariba abin da ya gagari masu kwat da jirgin sama.

Ita ba ta zama a gaba. Can ƙurya take jan kujera, ta ba yaran baya, ta fuskanci bango. Yaro ya miƙe yana magana da ƙirjinsa, sai ta ce, "Ban ji ba." Ya ƙara murya. "Ban ji ba." Haka za a yi ta yi har muryar ta daki bangon ta dawo. Nan ta samo sunanta, Malama Ban-Ji-Ba, har maigadi ma da shi yake kiranta, a bayan idonta dai.

Dokar ɗakin ɗaya ce: ba mai cewa "ni", sai dai "ƙasata". Mai surutu ta ba shi wani tsibiri da bai fi filin ƙwallo ba, mai kunya ta damƙa masa ƙasa mai makaman ƙare dangi. Wata yarinya mai i'ina, da ake ce wa Shiru-Shiru, ta taɓa fashewa da kuka da aka miƙa mata irin wannan ƙasa.

"Malama, ba... ba zan iya ba."

"Wa ya ce ke za ki iya? Ke ɗin wa? Ƙasa ce za ta yi magana, aron bakinki kawai ta yi."

Ranar babban taron makarantu, mahaifin yarinyar ya makara, ya tsaya a bakin ƙofa yana jin wata murya a lasifika tana wanke wakilin wata ƙasa tas. Ya taɓo na kusa da shi. "Wannan 'yar gidan wa ce mai tsiwa haka?"

"Taka ce, Baba."

Sai da aka ba shi kujera da ruwa. Shiru-Shiru lauya ce yanzu.

Da ritayar Malama ta gabato, shugaban makaranta, mutum mai hangen nesa, ya gano cewa karyayyun kujeru sun fi yara buƙatar ɗakin. Ya ce ranar da ta tafi za a garƙame shi, ƙungiya ta watse. Ta bi shi ofis, ya ce zai duba. Ta san ma'anar hakan, don haka ta ƙudurta za ta roƙe shi ranar bankwana, a gaban iyaye da tsofaffin ɗalibai, inda ba shi da wurin ɓuya.

Zaure ya cika. Aka sha jawabai, aka ba ta kyautar agogon bango, ita da ba ta da sauran inda za ta makara. Sannan aka miƙa mata makirufo.

Ta ɗaga kai, ba bango, sai idanu jere kan jere. Ta buɗe baki ta rufe, ta sake buɗewa. Komai bai fito ba.

Mataimakiyar shugaba ta dafe ƙirji tana salati. Wata uwa ta ce a hankali, "Ita ɗin ce kuwa?" Sai a lokacin mutane suka shiga lalube a ransu, suka rasa ranar da aka taɓa jin matar nan ta yi jawabi a taro. Shekara da shekaru tana ƙera masu magana, ashe ita kanta tsoron jama'a ne ya juya ta bango.

Shugaba ya matso da murmushi, ya miƙa hannu. "To, Malama farin ciki ya cika ta, mu tafa mata..." Ta san idan makirufon ya bar hannunta, ɗakin ya tafi.

"Ban ji ba!"

Daga ƙarshen zaure ne, Shiru-Shiru ce a tsaye. Wani ma'aikacin jinya ya miƙe: "Ban ji ba!" Wani kakakin direbobi ya karɓa da muryarsa ta tasha. Lauyar ta ratso mutane, ta yagi kwalin agogon, ta rubuta "Ɗakin Baya", ta kafa a gaban Malama.

"Malama, ke ɗin wa? Aron baki aka zo yi."

Malama ta kalli kwalin.

"Ƙasata ƙarama ce," ta ce. "Tagoginta kwali ne. An ce karyayyun kujeru za su mamaye ta. Ƙasata ba ta yarda ba. Tana neman a jefa ƙuri'a."

Hannuwa suka tashi ko'ina, har na maigadi ta taga. Shugaba ya duba dama, ya duba hagu, ya ɗaga nasa. Daga baya ya shaida wa mutane cewa dama can haka ya tsara.

Malama, ke ce kika raba wa yaran mutane abin da ke kanki ba ki da shi, ba ki kuma taɓa barin su gane ba. Uwar masu baki, mai mulki daga ƙurya. Allah ya saka miki, ya ba ki lafiyar cin hutunki. Ku kuma malamai da iyaye, cikinku duk mai yaron da ke cin maganarsa, ya daina yi masa tsawa. Ya samo guntun kwali, ya ja kujera can baya, ya yi haƙuri.

Mun gode, Malama. Wannan karon mun ji.